Masu jinya, ya kuke yi da dare?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ana yi min maganin ciwon dajin nono, kuma wallahi dare ya fi min ƙarin ruwan maganin dajin (kemo) wuya. Da rana akwai 'yan dubiya. Gida na yin tsit sai tunani ya taso min: kuɗin zagaye na gaba, wa zai riƙe min yara, me ya sa likita ya yi shiru da ya ga sakamako. Har kiran assalatu idona biyu. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka min.

Hajiya Babba: Sannu 'yata, Allah ya sa kaffara ne. Duba cikin magungunanki, akwai dexamethasone? Ana haɗa shi da kemo don hana amai, kuma shi kansa yana korar barci. Da na gaya wa likitana, sai ya mayar min da shi safiya, na samu sauƙi sosai. Kada ki sauya da kanki, ki dai faɗa musu. Mu da kawaicin nan namu, sai mu ga kamar rashin barci bai kai a kai wa likita ba.

Abban Sadik: Ni wankin ƙoda nake yi. Nawa ƙafafu ne, da na kwanta ba sa zama wuri ɗaya, ga ƙaiƙayi. An gwada jinina aka ce sinadarin ƙarfe (ayon) ya yi ƙasa, aka ƙara min. Goro da shayi kuma na bar su daga la'asar.

Baba Tela: Maman Ummi, lokacin da zuciyata ta kumbura, a zaune nake kwana, an jera min matasai uku a baya, don in na miƙe numfashi ɗaukewa yake. Amma abin da ke cina shi ne bashi: yadin mutane da ke shago, kuɗin adashe, gonar da muka gada da ƙanena ba a raba ba. Wani dare na tashi babban ɗana, na ce ɗauko littafi da biro. Yana kuka yana rubutawa, wanda nake bi da wanda ke bina, har keken ɗinki na faɗi wanda za a bar wa. Uwarsu ta yi fushi, wai ina kiran mutuwa. Na tuna mata hadisin Ibn Umar, cewa bai kamata musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Tun daga nan, in tunanin ya zo, sai in ce masa an riga an rubuta. Ga ni nan da raina, na ma biya rabin bashin.

Anti Nas: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin mata, don Allah a guji sayen maganin barcin nan diazepam a kemis. Jiki na sabawa da shi, in ya haɗu da tramadol kuma yana iya danne numfashi.

Ummu Hanif: Ni abin da ya fi min ciwo, masu cewa rashin tawakkali ne. Ina karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, in tofa in shafa, wani daren duk da haka barcin ba ya zuwa. Yanzu ba na kokawa da shi. In ya ƙi, sai in sauko daga gado in zauna kan darduma da carbi, wayar kuma in bar ta a falo, don binciken ciwona a intanet da tsakar dare ya fi komai tayar min da hankali. Yayata ma ta dawo ɗakina da kwana. Maman Ummi, akwai wadda za ta iya kwana tare da ke?