Rigar ruwa ta tafiyar ƙasa: ta isa zafin Sakkwato?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar muna son hita tattaki bakin Dam ɗin Goronyo, tun bayan sallar asuba har la'asar. Ƙanena ya kawo min wata riga marar nauyi, mai jakar ruwa lita 2 a baya da ɗan tiyo da ake tsotsa. Shin ta isa, ko in riƙe gorata ta gado?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malam, cikin watan Afrilu da zafi ka wuce digiri 40, lita 2 ba ta kai ka azahar. Daɗinta guda, hannuwanka sake suke, kana kurɓa kana tahiya. Illarta, ba ka ganin abin da ya rage. Ni sai da na tsotsi iska a tsakiyar fadama sannan na gane. Ka sa ƙananan gorori biyu masu rabin lita a aljihun ƙirji. Kowace lita kilo 1 ce, kahwaɗa za ta gaya maka.

Hajiyar Runjin Sambo: Ɗana, kada ka kuskura ka zuba mata kunun zaƙi ko zoɓo, tiyon zai yi tsami ya yi baƙi. Ruwa zalla. Ka cika rabi ka sa a firiza da dare in an samu wuta, da sahe ka ƙarasa. Ka riƙe ƙullin ORS, garin gishiri da sukarin nan da ake damawa a ruwa a sha, saboda zufa.

Ɗan Mabera: Na gode Hajiya. Ashe gorar ma ba ta tsira ba, da ita za a tafi.