Cinikin Fatar Biba a Kanada: Musayar Baitoci

Ɗan Majema:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau cinikin fatu a Kanada zamanin Turawa za mu taɓa. Biba dabbar ruwa ce mai gina madatsa da itace, da lallausan gashinta ake yin malafar manyan Turai. Amsa-amo "ta". Bismillah.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Ya ba ni basira in warware ta.
Faransawa suka sauka Kebek,
A 1608 Shamplen ya kafa ta.
Ba zinariya suka iske ba,
Arzikin ƙasar duk yana ga fata.
A 1670 sai ga Ingila,
Sarki Cals na Biyu ya yi kyauta,
Ya ba kamfanin Hudson's Bay ƙasa,
Bai ko tambayi masu gadonta.
An ruɗi 'yan ƙasa da tsakiya da madubi,
Ni dai a wurina an tafka cuta.

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, baitinka ya yi armashi,
Amma gaɓar ƙarshe zan ja ta.
Ƙabilun Kiri da Ojibwe fatake ne,
Sun san hanya, sun san ribarta.
Ba a buɗe ciniki sai an zauna,
An sha lofe, an miƙa kyauta.
Bindiga in ta zo da aibi,
Su mayar wa Bature ya sake ta.
Bargo, gatari, tukunyar tagulla,
Da fatar biba ake kimanta.
In Ingilishi ya tsauwala farashi,
Kasuwar Faransa suke nufa ta.
Ka san fatar da ta fi tsada?
Rigar da mai ita ya daɗe da ɗaura ta,
Ta sha gumi, ta sha maiƙon jiki,
Dogon gashi ya zube daga kanta,
Lallausan ya rage, shi masu malafa ke so,
Bature na rawar jiki ya saye ta.

Ɗan Majema:
Na ji, Hajiya. To ga tambaya,
Gwaggo ko za ki amsa ta:
Wa ya ciyar da baƙo a daji,
Ran da ƙanƙara ta rufe hanya ta toshe ta?

Gwaggo:
Ɗana, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi,
Aikin nan rabinsa na mata.
Su ke kankare fata su shanya,
Su ɗinke kwalekwalen ɓawo da saiwa, su liƙe ƙaro a gaɓarta.
Naman ɓauna su busar kamar kilishi,
Su daka, su zuba kitse, guzuri ya wadata.
Su saƙa takalmin taka ƙanƙara,
Su zama ja-gora, su zama tafinta.
Tanadeltur, 'yar ƙabilar Dene,
Allah wadan littafin da ya manta ta!
A 1715 ta bar Yok, sansanin kamfani,
Ta ratsa sanyi da yunwa da ƙafarta,
Ta sasanta Kiri da mutanenta,
Har murya ta dushe don maganarta.
A 1717 ta rasu tana ƙuruciya,
Kamfani ya ci gajiyar wahalarta.

Baba Na Kan Tudu:
Gwaggo, kin sa ni hawaye,
Bari in kawo ɓangaren ɗacinta.
Neman fata ya hura gaba,
A 1649 ƙasar ƙabilar Wendat aka watsa ta.
Barasa ta shigo a cikin ganga,
Gida nawa ta shiga ta rusa ta?
Agana ta sauka a 1781,
Zango guda sai ta share shi da mugunta.
Hudson's Bay da wani kamfani na tseren saye,
Biba ta yi ƙaranci a madatsarta.
A 1821 suka haɗe wuri guda,
Mafarauci ya rasa kasuwar da zai gwada ta.
Can Turai kuma siliki ya shigo yayi,
Malafar biba aka jingine ta.

Hajiya Mai Alƙalami:
Baba, saura abin da ya fi ƙona ni,
Ƙasar da Sarki ya yi kyautarta.
Fam 300,000 kamfani ya karɓa,
A 1870 Kanada ta amshe ta.
Metis, jikokin matan nan da fataken Turawa,
Ba wanda ya zo ya shawarta.
Jagoransu Luwi Riyel ya taka sarƙar masu awo,
A Jan Kogi ya hana su auna ta.
Mu ma a 1886 an ba Goldi Baturen Ingila
Irin takardar nan, Kwara ya kama ta.

Ɗan Majema:
Madalla, Hajiya. Labarin Riyel da rataye shi a 1885 wa zai ɗauka? Amsa-amo na gaba "ra".