In kuɗin hannu ba yawa, me kuke fara biya?

Mai butik a Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Jaka 60 na sefa suka rage mini, haya ta cika, ga patanti (harajin sana'a), ga kanta ta yi fayau. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai ƙanƙara da lamurje, Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai wuta nake fara biya, in firigo ya tsaya sana'ata ta tsaya. A 2023 na kwashe kuɗin sukari da citta na ƙaro firigo na biyu, ko wata ba a yi ba aka rufe iyaka da Najeriya, wuta ta koma sai an ga dama, ashe firigo biyu ba wuta akwati biyu ne kawai.

Ɗan kasuwar Dole: Malam ka fara da kayan da ke juyawa kullum, sukari, man girki, taliya, sabulu, magi, ko ribar dala biyar ce in tana shigowa sau talatin a yini ta fi ribar jaka biyu da za ka jira wata guda. Ni na ji a jikina, lokacin da naira ta faɗi na ruga Kano na zuba rabin jarina a takalma wai araha, har damina ta wuce suna nan suna shan ƙura, mai sayen sukari kuma ya koma shagon maƙwabcina. Haya kuwa kar ka ɓuya, ka je da kanka ka miƙa rabi ka sa rana. Kuma ka raba gwangwani biyu, na cefane daban na uwar kuɗi daban, in ba haka ba dala ashirin dala ashirin za ku cinye shagon kai da iyalinka ba ku sani ba.

Tela, Sabon Gari: Kafin komai buɗe littafin bashi. Bayan ƙaramar salla na lissafa nawa, jaka 40 a hannun mutane, ni kuma ina neman rancen kuɗin zare!

Mai ƙanƙara: Gaskiya ne wallahi. Kuma ka rage zubin adashi in ya fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne.

Mai butik a Zango: Na gode, Allah ya saka. Na kai wa maigidan rabi ya karɓa yana ƙunƙuni, jaka 35 na sa a kaya. Patanti sai na karɓo bashin da nake bin mutane, wanda ya fi kowa yawa a littafin kuma kawuna ne, wa zai raka ni?