Muhawara: Da gaske Lincoln ne ya 'yanta bayin Amurka?

Malam Habibu: Jama'a, a daina cewa shugaban Amurka Abraham Lincoln ya 'yanta bayi kusan miliyan 4 da sa hannu ɗaya ranar 1 ga Janairu 1863. Shelar 'yanta bayi da ya sa wa hannu a tsakiyar yaƙin basasar Amurka ta shafi jihohin da suka yi tawaye ne kawai, inda ikonsa bai kai ba. Kentucky, Missouri, Maryland da Delaware suna da bayi, amma da yake suna tare da gwamnatin tarayya, ko kallonsu ba a yi ba. An tsame Tennessee da New Orleans ma. A Agustan 1862 shi da kansa ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley cewa in zai ceto tarayya ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba, zai yi.

Hajiya Rabi: Allah gafarta Malam, rabin wasiƙar ka kawo. A ciki ya ce in da 'yanta su duka ne zai cece ta, hakan ma zai yi, kuma tun watan Yuli ya karanta wa ministocinsa daftarin shelar. Tsame jihohin nan dolen doka ce. Tsarin mulki bai ba shugaba ikon soke bauta a cikin jiha ba. Ƙofa ɗaya gare shi: matsayinsa na babban kwamandan askarawa, mai ikon raba abokin gaba da abin da yake yaƙi da shi. Kentucky ba abokiyar gaba ba ce. Da ya haɗa da ita, ga Roger Taney, alƙalin da ya yanke hukuncin Dred Scott a 1857, wanda ya ce baƙar fata ba 'yan ƙasa ba ne, zaune a kotun ƙoli yana jira.

Dakta Lawal: Ku biyun kun bar masu abin a waje. A Mayun 1861 bayi uku suka haye ruwa suka shiga sansanin sojan tarayya na Fort Monroe, Janar Butler ya ƙi mayar da su, dubbai suka biyo sahu. Lincoln kuwa shi ya soke umarnin 'yanta bayi na Janar Frémont a 1861 da na Janar Hunter a 1862. Ƙafafun bayi ne suka tilasta shi.

Hajiya Rabi: Dakta, gudu ba ya sauya matsayin mutum a gaban doka. Shelar ce ta sa duk garin tawayen da sojan tarayya suka shiga, 'yanci ya shiga tare da su. Ita ce kuma ta buɗe wa baƙar fata ƙofar aikin soja, kusan mutum 180,000 suka ɗauki bindiga.

Malam Habibu: To me za ki ce kan mutum wajen 450 da gwamnatinsa ta tura tsibirin Île-à-Vache na Haiti a 1863? Yunwa da agana suka yi musu ɓarna, sai a 1864 aka kwaso sauran.

Hajiya Rabi: Wannan abin kunya ne, ban kare shi ba. Amma dubi gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda ya soke bauta a faɗin ƙasar. Majalisar dattawa ta amince a Afrilun 1864, ta wakilai ta kasa haɗa kashi biyu bisa uku a Yuni. Bayan Lincoln ya sake cin zaɓe, ya sa aka bi 'yan adawa ɗaya bayan ɗaya, har aka samu ƙuri'a 119 da 56 ranar 31 ga Janairu 1865.

Malam Habibu: Na yarda da wannan, Hajiya. Sai dai jiha ta 27 da ake buƙata don gyaran ya zama doka ba ta amince ba sai 6 ga Disamba 1865. Bayin Kentucky da Delaware suna hannun iyayengijinsu har lokacin, kusan wata 8 bayan an harbe Lincoln.