Wace filasha ta dace da kyamara marar madubi?

Masu ɗaukar hoton da muka tattauna da su sun fi nanata abu ɗaya: duba harafin ƙarshen sunan filashar kafin ka biya kuɗi. A filashar kamfanin Godox, S na kyamarar Sony ne, C na Canon, F na Fujifilm. Ka sayi wadda ba ta kyamararka ba, TTL, wato tsarin da kyamara ke auna hasken filasha da kanta, ba zai yi aiki ba.

Sai nauyi. Filashar Godox V860III tana da ƙarfi da batirin lithium, amma kan ƙaramar kyamara rinjayar hannu take yi. TT350 kuwa batir AA biyu kawai take ci, don haka ba ta kai ta nauyi ba.

Ni dai na fi yarda da masu cewa a zaɓi filashar da kanta ke juyawa. Ka harba hasken kan farin silin, sai fuskar amarya ta fito lumus, babu ƙyallin goshi.