Wai ta yaya aka san Sahara ta taɓa zama kore shar?

Ɗalibi_mai_tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wani ya warware min, malaminmu na jogirafi ya ce wai shekara dubu bakwai zuwa takwas da suka wuce Sahara ciyawa ce da tafkuna har da dorina, toh ni abin da ya ɗaure min kai shi ne waye ya gani? Ba hoto ba rubutu, ta ina aka san irin bishiyoyin da suka fito a wuri da yawan ruwan saman da ake yi lokacin?

Mai_haƙar_laka:
Wa alaikumus salam ƙanena. Amsar tana cikin laka ne, lakar gindin tafki. Duk shekara iska na kwaso garin fure, wannan ƙurar da ke fita daga furen ciyawa da bishiya, ta zuba a ruwa, ya nutse, sabuwar laka ta danne shi, haka shekara bayan shekara hawa-hawa. Ɓawon ƙwayar garin nan yana da tauri sosai, in babu iska a wurin sai ya yi dubban shekaru bai ruɓe ba, kuma kowane dangin tsiro da siffar nasa, wani zagaye wani mai ƙaya-ƙaya, in ka sa a madubin likita za ka gane. Sai a soka dogon bututu a ciro lakar a tsaye, ta ƙasa ita ce tsohuwa, a yanka gunduwa-gunduwa a zauna ana ƙirga. Aiki ne mai kashe ido wlh. Shekarun kuma da kabon-14 ake aunawa, wani sinadari ne da ke jikin duk abin da ya taɓa rayuwa, bayan abin ya mutu rabinsa na ƙarewa duk shekara 5,730, shi ya sa ba ya aiki in abu ya haura wajen shekara 50,000. An yi irin wannan a tafkin Yoa da ke arewacin Chadi, lakar ta ba da tarihin shekara 6,000, kuma ta nuna bushewar a hankali ta zo, bishiyoyi suka fara ja da baya, sannan ciyawa, sannan rairayi.

Hajiya_Kimiyya:
In ƙara kan na yaya, ba tsiro kaɗai ba. A Gobero cikin hamadar Tenere a Nijar, wani masani Paul Sereno ya je neman ƙashin dinoso, manyan dabbobin nan na zamanin da, a 2000, sai ya faɗa kan kaburburan mutane da ƙasusuwan kada da dorina da giwan ruwa. Kai ma ka san giwan ruwa ba ya zama a kududdufi, sai ruwa mai zurfi.

Ɗalibi_mai_tambaya:
Na gode Hajiya. Amma ai iska za ta iya kwaso garin furen daga wata uwa duniya ta zuba a nan, ko?

Mai_haƙar_laka:
Ƙwarai kuwa, ka taɓo inda yake wa masu binciken ƙaiƙayi. Wasu tsirran ma sun fi wasu zubar da gari, wanda iska ke yi wa barbara yana zubarwa da yawa, wanda ƙwari ke yi wa kaɗan ne, kaga in ka bi ƙirga kawai za ka sha ƙasa. Shi ya sa ake haɗawa da abin da ba ya tashi sama, ganye, iri, kututture, katantanwa. Ganyen ma da kansa yana magana, a ƙasa mai zafi yawancin bishiyoyi gefen ganyensu sumul yake, a ƙasar sanyi kuma an fi samun mai haƙori-haƙori kamar zarto, toh da wannan ake kintatar zafin wuri na miliyoyin shekaru baya inda kabon bai kai ba.

Tsohon_malami:
Ni wanda ya fi taɓa ni shi ne na Antaktika. A 1912 Kyaftin Scott, wani Bature mai yawon bincike, da mutanensa sun mutu a hanyar dawowa daga ƙuryar kudancin duniya, da aka gano tantinsu sai ga duwatsu kusan kilo 16 da suka yi ta ja duk da yunwa da sanyi, a jikin duwatsun akwai shatar ganyen wata bishiya Glossopteris, irin wadda aka samu a Indiya da Afirka ta Kudu. Wurin da yau ƙanƙara ce zalla, da can daji ne.