Hayar kwantenar shara: wacce kuka ɗauka, yaya kuka ƙare?

Ɗan Dosso, Greensboro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah ya hore mini wani tsohon gida a nan Karolina ta Arewa, ginin shekarun 1960, kuma da zarar sanyi ya yi sauƙi zan fara gyara. Aiki uku ne a gabana: a ɗaye rufi, a fitar da kafet da tsofaffin kabad na kicin, sannan a fasa wani daɓen kankare da ke bayan gida, ƙafa 10 a ƙafa 20. Kamfanin da na kira sun ce suna da kwantena mai yadi 10 da 20 da 30 da 40, kuma tazarar kuɗin ba ta da yawa. Hankalina ya fi kwanciya da mai yadi 40, in zuba komai wuri ɗaya in huta. Duk wanda ya taɓa yi, ya taimaka mini da abin da ya gani.

Malam Kafinta, Indianapolis

Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Ƙanena, dakata da maganar yadi 40 ɗin nan tukuna. Ni aikina ke nan, kusan kowane gida muka shiga gyara sai an ajiye mana kwantena.

Yadin da suke faɗa awon cikinta ne kawai. Akwai awo na biyu, wanda ba a cika faɗa maka a waya ba sai ka tambaya, shi ne nauyi. Kowace haya tana zuwa da adadin tan da aka yarje maka. Idan motar ta ɗauke ta, sikeli za ta hau a bakin juji, a auna ta da kaya, a sake auna ta bayan ta juye, duk abin da ya haura sai a caje ka a kan kowane tan, kai tsaye daga katin da ka bayar.

Mu yi lissafin daɓen naka. Idan kaurinsa inci 4 ne, kamar yadda aka saba zubawa, kankaren ya kusa yadi biyu da rabi. Yadi ɗaya na kankare kuwa yana kai tan 2. Ka ga wajen tan 5 ke nan, alhali a ido bai wuce ya rufe gindin kwantenar ba. Rufi ma haka: kowace faɗin ƙafa 10 a ƙafa 10 na fallen kwaltar nan da suke rufi da shi ta haura fam 200, kuma tsofaffin gidaje sau da yawa za ka tarar an ɗora sabo a kan tsoho, sai nauyin ya ninka. Ka tara wannan duka a mai yadi 40, ka ɗora kabad da kafet, direba zai iya zuwa ya ja ya ji ta ƙi tashi, ya tafi ya bar ka, ka biya kuɗin zuwansa, ka kuma sa hannu ka rage kayan da kanka. Na ga an yi wa wani mai gida haka, yana tsaye a cikin kwantena da shebur har magariba.

Shawarata, kankare shi kaɗai a mai yadi 10, kada ka bari ko leda ta shiga. Tsantsarsa ya fi araha domin niƙe shi ake yi a sake amfani da shi a aikin hanya. Sauran tarkacen cikin gida kuma mai yadi 20 ta ishe ka.

Abban Yusra, Columbus

Malam ya faɗi gaskiya, amma a maganar rufi ina da ƙari. Idan ba da hannunka za ka ɗaye ba, ka fara duba takardar mai aikin rufin. Ni da na sauya nawa, kwashe tsohon rufin yana cikin kuɗin aikinsu, da tirelarsu suka zo suka tafi da shi. Da na yi haya daban, da na biya abu ɗaya sau biyu.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne wajen ajiyewa. Na nemi direban ya shimfiɗa katako kafin ya sauke, ya ce ba ya tafe da shi kuma yana sauri. Ƙafafun ƙarfen nan na baya suka ja layi biyu a kan kwaltar ƙofar gida, ga shi lokacin zafi ne, kwaltar ta yi laushi. Da na kira ofishinsu sai suka nuna mini inda na sa hannu cewa ɓarnar wurin ajiyewa ba ruwansu. Ka sayi filanki mai kauri ka ajiye tun daren jajibiri, kuma ka tsaya a wurin lokacin saukewa. Ka ɗaga kai ka dubi wayar lantarki da rassan bishiya, domin motar tana buƙatar sarari sama da ƙafa 20 a sama idan ta ɗaga bayanta.

Hajiya Mai Waina, Bronx

Ɗana, Allah ya sa gidan zama ne mai albarka. Nawa ba na gini ba ne, amma zai amfani masu shago. Mu a New York hukumar birni ba ta kwashe sharar 'yan kasuwa, dole ka ɗauki kamfani mai lasisi, ka liƙa takardarsu a jikin ƙofa. Tun 2023 aka hana mu masu abinci jibge baƙaƙen leda a bakin titi saboda ɓeraye, sai a mazubi mai murfi, a watan Maris na 2024 kuma dokar ta hau kan kowane irin shago.

Sharar gidan abinci ba girman mazubi take so ba, yawan zuwan mota take so. Ƙanwata da ke da wuri a New Jersey ta ɗauki babba mai yadi 8 ana kwashewa sau ɗaya a mako, wai ya fi sauƙi. Da bazara ta shigo, wari da ƙudaje suka hana maƙwabta sakat. Ta nemi a sauya mata ƙarami da za a riƙa kwashewa akai-akai, sai aka ce yarjejeniyar ta shekaru ce, kuma tana sabunta kanta idan ba ka aika takardar janyewa a kan lokaci ba. Don Allah ku ba 'ya'yanku masu karatu su karanta muku wannan sashen kafin ku sa hannu. Ku kuma tambayi kuɗin mai da suke ƙarawa a kan na wata.

Maman Sadik, Manchester

A Ingila ƙanana ne namu, wanda magina suka fi ɗauka mai yadi 8 ne, kuma ƙasa da ɓaraguzai ba a yarda a zuba su a wanda ya fi wannan girma ba, saboda dalilin da Malam ya kawo. Idan a kan titi za a ajiye, sai an karɓi izinin ƙaramar hukuma, a sa masa fitila da dare. Allon bangon nan na jifsam a ware shi ake yi, tun 2023 kuma kujerun kushin ma sun zama nasu daban.

Ni maƙwabta ne suka sha mini kai. Na kwanta kwantena rabi, na wayi gari da katifar wani da tsohuwar talabijin a ciki, kuma ni aka caje. Yaya, ka rufe taka da tamfol ka ɗaure kowace yamma, kada ka karɓe ta sai ranar da ma'aikata za su fara.

Bakano, Ɗorayi

Ina karantawa ina jinjina yadda kuke biyan kuɗi a ɗauke ɓaraguzai. A nan in ka rushe katanga, kafin ka nemi tifa wani ya zo yana roƙon ciko don ƙofar gidansa kafin damina, ƙarafa da tsohon kwano kuma 'yan jari bola su saya da kuɗinsu. Sai dai ko a nan, direban tifa yakan fara tambayar ƙasa ce ko shara kafin ya yi ciniki, kuma mai hankali yakan tambaye shi inda zai juye, kada ta ƙare a magudanar ruwan unguwa. Ɗan Dosso, ba a samun masu sayen ƙarfe a can?

Ɗan Dosso, Greensboro

Akwai su, Bakano, zan ware bututu da wayoyi in kai musu. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sake kiran kamfanin na tambayi nauyi, ashe abin da ke cikin farashin mai yadi 40 bai kai na daɓen nan shi kaɗai ba. Malam, saura abu ɗaya: akwai gwangwanayen fenti a gareji da tsohon firiji, ga kuma wasu tayil na roba da na gani a ƙarƙashin kafet. Su ma in watsa a mai yadi 20 ɗin?

Malam Kafinta, Indianapolis

A'a, ko ɗaya kada ka sa. Fentin da bai bushe ba, batir, taya, tukunyar gas da man inji duk ba sa karɓa, ka kai su wurin da hukumar gari ta ware wa shara mai haɗari. Firiji sai an zuƙe iskar sanyin da ke cikinsa tukuna. Tayil ɗin ne ya fi damuna. A gidajen wancan zamani, musamman masu faɗin inci 9, da baƙin gam ɗin da aka liƙa su da shi, sau da yawa akwai asbestos a ciki, wani ma'adini ne da ake haɗawa a kayan gini a da, ƙurarsa tana lalata huhu. Kada ka kankare, kada ka fasa, ka sa a ɗebi samfuri a gwada kafin kowa ya taɓa. Fentin bangon ma a gwada shi, tunda sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka, ga shi kana da yara ƙanana. Ka jira sakamakon gwajin kafin ka sa ranar kawo kwantena, domin kwanakin haya suna fara ƙirguwa ne daga ranar da aka sauke ta.